Daɓen Matan Zurmi

Tun ranar da aka manna jadawalin gasar a jikin dalbejiyar da ke bakin filin tanis na Ƙaura na san za a yi ɓarna. Laraba a Ƙaura, Alhamis a Shinkafi, Juma'a a Zurmi. Na karanta sau biyu, na cire tabarau na goge da bakin mayafi, na sake karantawa ko idona ne ya fara tsufa. Idona lafiya lau. Alhaji Sabo ne ya rubuta.

Sunana Mairama, ma'aikaciyar jinya ce ni, shekara goma sha takwas ina ɗaure ƙafafun mutane. Ƙanena Armiya'u shi ne ɗan wasan. Babanmu ya koya mana tanis mu biyu muna yara, da wani raket na katako da ya samo wurin ma'aikatan jirgin ƙasa. Ni na bari da na girma, shi ya maƙale. Ƙungiyar 'yan tanis ta garuruwan nan uku kuwa ta ɗora mini akwatin magani, don in wani ya faɗi a ce akwai mai dubawa.

Gasar ba ta kofi kaɗai ba ce. Wata gidauniya ta ce za ta ɗauki wanda ya yi na ɗaya ta kai shi Kaduna kwas na wata shida, ya dawo da takardar koyar da wasa da aiki na dindindin a makarantu. Mutum ɗaya ake so, kuma kada ya kai shekara talatin. Armiya'u saura masa wata biyu ya cika. Shekara bakwai yana koyarwa a wata makarantar unguwa ba takardar ɗaukar aiki, yau a ce zo, gobe a ce dakata. Ga mata, ga yara biyu. Wannan gurbi shi ne na farko da ya taɓa zuwa masa, kuma duk mun san ba wani a bayansa.

Na iske Alhaji Sabo, shugaban ƙungiya, a shagonsa na taki, ya kishingiɗa a kan buhu yana ɓare gyaɗa.

"Alhaji, wanga jadawali wa yar rubuta shi?"

"Ni nir rubuta shi da hannuna, Malama Mairama. Mi yas same shi?"

"Kwana ukku, gari ukku, ba hutu ko na yini guda. Mutane na hwa, ba injin niƙa na ba."

Na zauna na yi masa bayani dalla-dalla. Filin Ƙaura siminti ne, ƙwallo na tashi da sauri, kowane taku kuma yana dukan diddige da gwiwa. Filin Shinkafi jan burji ne mai laushi, ƙwallo ba ta mutuwa da wuri, sai a yi ta mayar da ita har cinyoyin mutum su mutu kafin ita. A siminti ana takawa a tsaya cak, a burji zamiya ake yi. Ƙafa na bukatar kwanaki kafin ta manta wancan ta koyi wannan. Na ce ko a ba su kwana bibbiyu tsakani.

Ya saurare ni har na gama, yana gyaɗa kai, abin da ya fi komai ba ni haushi ke nan, don na san ba abin da ya shiga.

"Kin gama? To ki jiya. Baƙon da za shi sa hannu ga takarda daga Gusau shika zuwa, kwana ukku gare shi. Alhamis kasuwas Shinkahi ta, motoci na tahiya da yawa, da rakiyar jami'an tsaro. Wata rana ke ka bin hanyag ga da mota guda? Kuma kowa shi dawo gida kahin la'asar ta yi sanyi."

Maganar hanya gaskiya ce, ba na musu. Amma ita ce ta sa wasan Shinkafi ya faɗo tsakar rana, don ayari ba ya isa sai sha ɗaya, uku da rabi kuma zai juyo. A watan Afrilu.

"Alhaji, rana hwa?"

"Mu da munka yi noma tun sahe har azahar, rana ba ta kashe mu ba. Ƙwallo 'yar wannan?" Ya nuna girmanta da yatsu. Alhaji Sabo bai taɓa riƙe raket ba sai in za a ɗauki hoto.

Na fito ina ƙunƙuni. A gida na gaya wa Armiya'u yadda muka yi, sai ya yi dariya, wai in bar damuwa.

"Adda, ke dai ki riƙe akwatinki. Ni ka gudun, ba ke ba."

Haka yake tun yana yaro, kunnen ƙashi da murmushi. Na ce Allah ya ba da sa'a, na shiga neman bandeji.

Mutum takwas suka shiga gasar. Ranar Laraba aka yi wasa huɗu a Ƙaura, na Armiya'u ya zo da ƙarfe ɗaya. Simintin ya ɗauki zafi har ta takalmi kana ji. A tanis ƙwallo huɗu ake ci a samu gem ɗaya, sai ka ci gem shida a ba ka zagaye ɗaya, wanda ya fara cin zagaye biyu shi ya yi nasara. Ya ci biyun a jere, amma sai da aka yi awa biyu, don abokin wasan nasa mai taurin kai ne. Da ya cire takalmi na ga agararsa ta dama ta ɗan tasa. Na matsa, ya yamutsa fuska, ya ce ba komai.

Ranar Alhamis muka bi ayarin 'yan kasuwa zuwa Shinkafi. Saura mutum huɗu. Wasan farko tsakanin Safwan ne, ɗan Zurmi mai shekara ashirin da biyu, da Jabiru, wani dillalin shanu ɗan garin. Jabiru ya zo da kayan wasa tsaf, har ya fara miƙe ƙafa, sai wayarsa ta yi ƙara. Wai masu saye sun sauka a kara, kasuwar shanu, daga kudu, suna tsaye a kan bijimansa. Ya jingina raket a jikin raga, ya ce yanzu zai dawo. Har yau ɗin nan da nake ba da labari bai dawo ba.

Ka sa wasa ranar kasuwa, ka saka dillali a ciki, sannan ka tsaya kana mamaki! Alhaji Sabo ya yi ta duban agogo yana tafa hannu, can dai aka ce Safwan ya wuce zuwa wasan ƙarshe. Ko gumi bai yi ba. Ya koma inuwa aka damo masa fura.

Armiya'u kuwa Allah ya haɗa shi da wani Mujahid, siririn mutum wanda ba ya kai hari, ba ya kuskure, duk abin da ka buga masa sai ya dawo maka da shi sama-sama kamar mai miƙo tulu. A kan burji irin wannan ɗan wasa azaba ne. Ƙwallo ɗaya sai ta yi zuwa ashirin. Da farko Armiya'u yana takawa irin ta siminti, ƙasa na kwashe shi, ya ba da zagayen farko. A na biyu ƙafarsa ta gane. Ya fara jefa ta dama gaba ya zame taku biyu, ya bugi ƙwallo yana cikin zamiyar, ya juyo. Mutanen kasuwa da suka taru suka dinga shewa, wasu ma ba su san wa ke ci ba, zamiyar ce ta burge su. Awa uku da minti goma aka yi. Armiya'u ya ci wasan, ya zo ya zube a gabana, leɓensa ya yi fari.

Na sayi ƙanƙara wurin masu zoɓo na ɗora masa a cinya. Ko minti biyar ba a yi ba direba ya fara oda. Aka cusa mu mu huɗu a bayan mota, gwiwoyinsa a lanƙwashe suna tokare da kujerar gaba, ga buhun albasar wani a ƙarƙashin ƙafa. Ƙafar da ya kamata a miƙe a ɗaga sama, ita aka naɗe har Ƙaura.

Da muka sauka na tare Alhaji a bakin tasha.

"Alhaji, don Allah a ɗaga wasan ƙarshe zuwa Lahadi. Ko Assabar. Ɗaya ya yi awa biyar cikin kwana biyu, ɗaya ya sha hura. Wanga ba adalci na ba."

"Mutanen Zurmi sun shirya, an aro kujeru, an yanka rago. In ce musu mi? Ƙahwar ƙanenki na ciwo?"

"I, haka za ka ce!"

"Gobe ƙarhe tara," ya ce, ya haye mashin.

Bayan magariba na tsoma ƙafafun Armiya'u a ruwan sanyi na tausa masa sharaɓa. Sun yi tauri kamar itace. Abu ɗaya ya ɗan kwantar mini da hankali. Bara na je filin Zurmi, na san ƙasa ce sako-sako irin ta Shinkafi. Na ce masa to aƙalla ba za a sake sauya masa ƙasa ba.

"Gobe ka yi ta zamiya, kak ka taka da ƙarhi. Zamiya ita ka hutam ma da gwiwa."

"Na jiya, Adda."

Ranar Juma'a ba mu bar Ƙaura ba sai da motoci suka taru, muka isa Zurmi tara da rabi. Tun daga nesa na hango filin. Ba shi ne na bara ba. Ya yi jawur mai duhu-duhu, sumul, yana ƙyalli a rana, an ja masa layuka da farar ƙasa. Da na matsa sai warin makuba, jiƙon ɓawon ɗorawa, ya buge ni.

Daɓe aka yi masa. Irin wanda mata ke yi wa tsakar ɗaki: a zuba ƙasa da tsakuwa, a yayyafa ruwa, a jeru da madaɓai ana duka ana waƙa har ƙasa ta haɗe, sannan a kwarara ruwan makuba ya bushe a kai. Matan unguwa ne suka ji za a yi baƙi daga garuruwa har da babban mutum, suka ce ba za a ga filinsu da ƙura ba. Kwana uku suna duka. Ba wanda ya sa su, ba kuma wanda ya ga dalilin gaya mana.

Na shiga na goga takalmina a kai. Ko motsi bai yi ba. A ido ƙasa ce, a ƙafa kuwa ya fi simintin Ƙaura riƙo. Na jawo Armiya'u gefe.

"Mance abin da nic ce jiya. Wanga hili ba shi zamuwa. Ka taka irin ta gida. Ka jiya?"

"Na jiya."

Na roƙi Alhaji minti goma sha biyar su gwada filin. Ya ce Juma'a ce, dole a gama kafin a tafi masallaci. Sannan ya karɓi lasifika ya yi minti arba'in yana gabatar da manyan baƙi ɗaya bayan ɗaya, har da wanda ya ba da aron kujeru. 'Yan wasa suna tsaye a rana. Da ya gama aka ba su ƙwallo biyar-biyar su ɗumama jiki, alƙali ya ce a fara. Ina zaune a kan akwatina ina cizon yatsa.

Armiya'u ya fi Safwan iya wasa, wannan ko mutanen Zurmi sun gani. Ya san ba shi da ƙafar dogon gudu, sai ya dinga gajarta wasa, ya buga sabis, wato bugun farko, ya ruga raga ya kashe. Ya ci zagayen farko cikin rabin awa. A na biyu yaron ya gane, ya shiga jefa masa ƙwallo kusurwa-kusurwa. Na ga Armiya'u ya fara jan ƙafar dama, yana isa wurin ƙwallo a makare. Ya ba da zagayen. Ya zo ya zauna, na zuba masa ruwa a ƙeya.

A zagaye na uku ban san inda ya samo ƙarfi ba. Ya kai gem biyar, Safwan na da uku. Saura gem ɗaya, kuma sabis a hannunsa. Baƙon Gusau ya gyara zama. Ni kuwa tsorona ya ƙaru, don na sha gani a wurin aiki: in mutum ya gaji tilis, kansa ba ya ba da umarni, jiki ne ke yin abin da ya fi sabawa da shi kwanan nan. Na tashi tsaye ina ce masa ya taka, ya taka, ban ma san ko yana ji ba.

Ya buga sabis. Safwan ya taɓa ƙwallon a hankali, ta faɗo gajeriya can gefen dama. Armiya'u ya ruga, ya jefa ƙafar dama gaba zai zame, irin ta jiya sak. Takalmin ya kafe a daɓe, jikin ya wuce. Daga inda nake na ji ƙarar gwiwar.

Kafin ya gama faɗuwa na isa. Na miƙe ƙafar, na riƙe cinya, na jawo ƙwauri. Ya taho gaba fiye da yadda ya kamata, ba abin da ya tare shi. Jijiyar ciki ta tafi. Gwiwar har ta fara cika.

"Ɗaure min, Adda."

"Armiya'u..."

"Ƙwallo huɗu na. Huɗu kaɗai. Sabis nika yi, ba gudu. Ɗaure min da ƙarhi."

Ya dafa raket ya miƙe. Ya yi taku ɗaya, ya yi na biyu, gwiwar ta noƙe gefe, ya yi sauri ya gyara yana murmushi don kada a gani. Na gani. In ya sake dira a kanta da ƙarfi, abin da ya rage a ciki zai bi, kuma irin wannan ɗingishin ba ya barin mutum. Alƙalin wasa ya sauko daga kujerarsa ya tsaya a kaina, don dokar gasar ta ce maganar mai magani ita ce ta ƙarshe. A duk dokokin da Alhaji Sabo ya kwafo, wannan ce kaɗai aka bi.

"Malama, shina iyawa?"

"Adda, don girman Allah," in ji Armiya'u, a hankali yadda ni kaɗai zan ji.

Na so in ce yana iyawa. Wallahi na so. Na dubi gwiwar na dubi fuskarsa.

"Ba shi iyawa. An gama."

Alƙali ya ɗaga hannu. Wasu suka yi tafi, wasu suka yi salati. Armiya'u ya zauna a ƙasa ya bar ni na ɗaure har na sa fil na ƙarshe.

"Ke kic ce in zame," ya ce.

Na faɗa jiya, na warware yau, amma maganar jiya ƙafarsa ta riƙe. Idona ya cika, na sunkuyar da kai ina tattara almakashi.

Aka ba Safwan kofi da takarda. Yaron kirki ne, ya zo ya durƙusa gaban Armiya'u yana ba da haƙuri kamar shi ya ture shi. Na shirya maganganu a bakina, na ce duk wanda ya fara zuwa kusa da ni a kan filin nan shi zai kwashe su.

Wadda ta zo wata tsohuwa ce, 'yar ƙarama, da zane a kafaɗa. Aka ce mini Inna Kulsumu ce, ita ta jagoranci matan.

"Ɗiyata, ke ce yayar mai ciwon? Sannu. Allah shi ba shi lahiya." Ta kama hannuna da nata biyu. Tafukanta duk kanta ce da ƙuraje da suka fashe, wani wurin ma bai bushe ba. "An ce muna baƙi ga siminti sunka saba. Munka ce mu ba mu da siminti, amma ba mu barin baƙo shi taka ƙura. Sau ukku munka zuba makuba. Ya yi dai ko?"

Na ajiye duk maganganun da na shirya. Na buɗe akwati na ɗauko man shafawa na sa mata a tafin hannu.

"Ya yi kyau, Inna. Ban taɓa ganin daɓe irinai ba."

Ta tafi tana murna, ni kuma takaici ya rasa inda zai sauka.

Ana idar da sallar Juma'a direba ya fara oda. Wannan karon aka ba Armiya'u gidan gaba shi kaɗai, aka tura kujerar baya ya miƙe ƙafa. Alhaji Sabo ya dawo baya kusa da ni, cike da farin ciki, wai baƙo ya yaba da tsari. Muna fita gari ya leƙa gaba ya dafa kafaɗar Armiya'u.

"Kak ka damu, ɗana, ƙaddara ta. Baɗi ma gidauniya ta ce tana ba da gurbi. Har ina tunanin mu ƙara da Gurbin Bore, a yi kwana huɗu a jere. Kai dai ka warke, baɗi naka na."

Armiya'u bai juyo ba. Yana kallon hanya.

"Baɗi na wuce talatin, Alhaji."

Alhaji Sabo ya janye hannunsa a hankali ya ɗora a kan cinyarsa. Direba ya rage gudu zai shiga wani rami, na miƙa hannu ta gefen kujera na tallabe gwiwar don kada ta girgiza. Armiya'u bai ture hannuna ba, bai kuma dube ni ba har muka shiga Ƙaura.